Na Yi Wa Ɗana Kunya Har Ƙasa Ta Rufe Shi

A lokacin da nake sabuwar aure a wani ƙauye na ƙasar Shanono, inda gona ke farawa daga bakin danga, ba abin da nake taƙama da shi kamar kunya. Da na haifi ɗan fari, sai na yi masa irin wadda na ga iyayenmu suna yi: ba na kiran sunansa, sai dai in ce yaron nan, ba na yi masa wasa a gaban mutane. Har yabona ake yi a gidan suna. Allah ne shaida, ina son sa kamar raina.

Yana rarrafe zazzaɓi ya kama shi, lokacin cirar gyaɗa. Uwar mijina, baiwar Allah, ta ce haƙori ne, ta jiƙa masa magani. Jikina ya ba ni ba haƙori ba ne, amma ta yaya zan nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai? Na ja bakina na yi shiru. Ranar da aka ɗora shi a babur za a kai shi asibiti, ko rabin hanya ba su yi ba suka juyo.

Babu wanda ya ɗora mini laifi, ni na ɗora wa kaina. Shekara da shekaru, ko tuwo ne ya yi gudaji sai in ce wa kaina shashasha, wadda ta kasa riƙon ɗa ina za ta iya tuƙi. Na haifi wasu, na aurar da babbar 'yata, bakin nan nawa bai daina zagina ba.

Bara wasu ma'aikatan lafiya suka zo asibitin garinmu, suka ce suna gwada wata hanya ta koya wa mutum tausayin kansa, kuma ba su da tabbacin za ta yi wa kowa aiki. Na ce ikon Allah, mun ga allura mun ga ƙwaya, yau kuma tausayi ake rabawa. Na dai shiga. A wani zama, malamar da ke jagorantarmu ta ce in ɗauka wata yarinyar maƙwabta ce ta zo mini da irin labarina, me zan ce mata? Na ce zan ba ta ruwa, in gaya mata abin da aka koya mata ta yi. Ta tambaye ni me ya sa ni ban cancanci ruwan ba. Raina ya ɓaci, na saɓa mayafina na fita, ban koma ba.

Ba a daɗe ba 'yata ta zo wankan jego da ɗanta na fari. Wata rana dangin mijinta sun zo barka suna tsakar gida, jikin jaririn ya yi zafi. Na ga ta kawar da kai tana murmushin dole. Ni ce sak. Abin mamaki, ban ga shashasha ba, yarinya na gani mai tsoro. Na ɗauki jaririn na saka mata a hannu a gaban kowa, na ce ta kira sunansa da ƙarfi, ta tashi mu tafi asibiti. Ya warke, alhamdu lillahi, ni kuma na koma zaman nan.

Ban ce na warke ba, zagin yana dawowa, amma yanzu nakan ce wa kaina a yi haƙuri. 'Yan'uwana mata, kunya ado ce, amma in jikin ɗa ya yi zafi ku ajiye ta. Wadda kuma ta riga ta rasa, kada ta ƙara wa kanta da zagi. Rannan na shiga gonar gyaɗa ni kaɗai, na kira sunan ɗana a karon farko. Ashe suna ne mai daɗin faɗa, shi kuwa bai taɓa jin sa a bakina ba.