Abdulhakeem Mai Kashe Inji

Kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin tashar Tambuwal, Malam Abdulhakeem ya riga ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur. Tsohon akwatin ƙarfe ne, cike da sukundireba da filaya da guntayen waya, sai wani ɗan ma'auni da bai fi wayar hannu girma ba, wanda yake naɗewa cikin tsumma kamar jariri. Yau ya nufi Dogon Daji, gobe Sanyinna, jibi Kebbe ko hanya ta yi kyau ko ta ƙi. Duk ƙaramin asibitin da ya sauka, ba ya fara gaisuwa da babban ofis. Ɗakin ajiya yake wucewa, inda ake jibge na'urorin da suka mutu, ɗakin da ma'aikata ke kira maƙabarta.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idanunsa sun yi rauni, ƙananan wayoyin cikin inji sun fara haɗe masa. Ba a shirya masa walima ba, kuma ba na jin akwai mai shirin yi, domin a ƙasar Kebbe har gobe akwai gidajen da in an ambaci sunansa sai a taɓe baki. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana da ransa.

Ɗan Sanyinna ne. Ya yi karatun haɗawa da gyaran na'urorin asibiti, ya yi shekaru a wata masana'anta a kudu inda ake ƙera gadajen marasa lafiya da injin zuƙe majina da kwalbar ɗumama bakwaini. Rasuwar mahaifinsa ce ta dawo da shi, ga tsohuwa ga gona ba mai dubawa. Abokan aikinsa na can sun ce ya binne kansa da ransa. Shi kuwa da ya zo ya tarar da aikin da ya fi ƙarfin mutum goma: injuna na kyauta daga ƙasashen da ba su san zafin bazararmu ba, an kawo su da ganga da jawabi, sun yi wata biyu sun kwanta, ba takardar bayani ba kayan canji. Sai ya koyi farke matattu uku ya tayar da ɗaya. Shi da wani mai walda a Tambuwal, Ɗangiwa, suka ƙera fitilar da ake kwantar da jarirai masu shawara a ƙarƙashinta, kuma yaran da suka kwanta ƙarƙashin ta farko yanzu suna makarantar sakandare. Sista Ni'imatu, wadda ta daɗe tana riƙe da ɗakin yara a wani asibiti na ƙasar Kebbe, ta ce ta taɓa ganinsa ya kwance batirin babur ɗinsa ya jona wa injin zuƙe majina, aka ceci wani yaro, shi kuma ya tura babur har bakin kasuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da kowa ya sa masa albarka. Abin da ya ɓata shi da mutane shi ne injin iska.

Injin nan yana zuƙar iskar ɗaki ne ya tace ta ta cikin wasu bututu biyu masu cike da wani gari kamar tsakin gero, ya fitar da oksijin zalla zuwa robar da ake sa wa mara lafiya a hanci. A gabansa akwai 'yar kwalbar ruwa da iskar ke ratsawa tana tayar da kumfa. To, in damina ta yi nisa, raɓa takan shiga garin nan ta kashe shi. Inji zai ci gaba da gurnani, kumfa na tashi gwanin kyau, amma abin da ke fita iska ce kawai irin ta tsakar gida. Fitilar gargaɗin tsofaffin injunan ta daɗe da mutuwa. Iyaye kuwa kumfar suke kallo. Muddin tana tashi, uwa za ta zauna ta jingina da bango, uba ya fita ya yi salla, ba wanda zai yi maganar ɗaukar yaro zuwa gaba, har yaron ya rasu da roba a hancinsa.

Ka'idar Malam Abdulhakeem ɗaya ce, kuma bai taɓa sassauta ta ba. Zai jona ma'auninsa a bakin inji. In lamba ta haura casa'in, ya shafa kan injin ya wuce. In ta faɗo wajen ashirin, ya zare waya daga bango, ya yanke kanta ya sa a aljihu, don ya san yana juya baya wani mai tausayi zai mayar. An sha ce masa da babu gara ba daɗi. Amsarsa kullum ita ce wannan ba daɗin ya fi babu sharri, don babu tana sa mutum ya tashi ya nema. Daga nan sunan ya bi shi: Mai Kashe Inji.

Malam Abdulhakeem, kai ne wanda ya yarda a tsine masa a kan a ruɗi uwa da kumfa. Kai ne kake shiga ɗaki ana murna, ka fito ana kuka, kuma ka san kukan shi ne daidai. Ba aikin mai son a so shi ba ne, kai ma ba dutse ba ne, waɗanda suka zauna da kai sun san yadda kake kasa cin abinci a irin ranakun nan.

Ranar da ta fi kowace tsanani ta zo masa a wata damina, shekaru kaɗan da suka wuce. 'Yarsa ta fari, Ruwaida, tana aure a Kebbe wurin wani ɗan kasuwar hatsi, Jamaluddeen. Suna da yarinya, Anisa, wadda kakan ke kira amaryarsa, yana zuwar mata da rake duk ranar da ya shiga garin, ita kuma tana ce masa ta fasa auren tsoho mai warin man inji. Ciwon haƙarƙari ya kama ta, aka kwantar da ita. Da hantsi Malam Abdulhakeem ya iso jiƙe sharkaf, bai ma san tana ciki ba sai da ya ga surukinsa a baranda.

Injin iska biyu ne a ɗakin. Mai lafiyar an riga an raba shi ga jarirai biyu, kuma ba zai ɗauki na uku ba sai dai duka ukun su rasa. An sa wa Anisa ɗayan, wanda ya gyara a zuwansa na baya. Ya tsuguna ya jona ma'auni. Sista Ni'imatu ta ce ta ga ya cire ya goge shi da gefen rigarsa ya sake jonawa, abin da ba ta taɓa gani ya yi ba. Lambar ba ta canza ba.

"Baba, ai shina aiki," in ji Jamaluddeen. "Ga kumfa nan na tashi."

"Kumfa ta kawai," in ji Malam Abdulhakeem. "Babu komi ciki. Garin ya mutu, kuma ba ni da wani nan kusa."

Ruwaida ta ɗago daga bakin gado. "Baba, ka bar mata. Tun da anka sa mata shi ta natsu."

Ya cire ma'auninsa daga bakin injin. Sista Ni'imatu ce ta duba leɓɓan yarinyar, ta ce a hankali, "Ba natsuwa ta ba, Ruwaida, gajiya ta yi. In kunka tashi yanzu, Tambuwal akwai tukunyar iska. In kunka zauna, ba ta kai la'asar."

"In mun tashi tana kaiwa?"

"Allah kaɗai ya sani."

Ruwaida ta rungume injin da hannu ɗaya, ɗayan a kan ƙirjin 'yarta. Mahaifinta ya miƙa hannu ta bayanta ya zare wayar daga bango. Kumfar ta kwanta. Da hannunsa ya cire robar daga hancin jikarsa, ya yanke kan wayar ya sa a aljihu kamar yadda yake yi wa kowa.

Suka sami motar kasuwa, shi yana biye a babur. Ruwan safiyar ya cika wata ƙorama a hanya, motar ta kafe a tsakiyar taɓo. Maza suka sauka suna turawa, shi ma ya jefar da babur ya sa kafaɗa. Suna cikin turawar ne ya ji salatin matan da ke cikin motar.

A zaman makoki, gaban mata, Ruwaida ta yi masa magana guda ɗaya. "Da ka bar min ita ta cika bisa gado, ina kallon fuskarta. Kai kas sa ta cika cikin laka." Daga ranar ba ta sake taka gidansa a Tambuwal ba, ko da salla.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba ƙarya ta yi ba. Mai yiwuwa ne yarinyar ba za ta tashi ba ko a ina, kuma da ya yi shiru da ta tafi a kan katifa, uwar na ganin an yi iya yi. Shi ma ya san haka. Ya taɓa ce wa Ɗangiwa mai walda, "Abin da nika tambayar kaina kullum, in na bar mata don tawa ta, gobe da wane baki nika cire wa ɗiyan wasu?" Kuma bai iya zuwa ya faɗa wa Ruwaida wannan ba. 'Yar fari ce, tun tana zanen goyo bai taɓa kiran sunanta ba, da ta haihu sai ya koma ce mata uwar Anisa, yanzu kuma wannan sunan ma ya zama wanda ba ya faɗuwa. Alkunyar da aka raine shi a kai ta rufe masa baki, baƙin ciki ya rufe nata. A gari aka riƙa cewa mutumin da ya cire wa jikarsa iska, wa zai ƙyale. Wasu iyayen in sun ji ƙarar babur ɗinsa sai su tsaya a gaban inji.

Mako bai zagayo ba ya koma asibitin da sabon gari da ya samo daga Sakkwato, ya zauna a maƙabarta ya farke injin nan ya cika bututunsa ya tayar da shi. Ya haɗa wa ɗakin ajiyar akwatin katako mai murfi da zai riƙa tsare garin daga raɓa, ya koya wa Sista Ni'imatu karanta ma'auni. Bai ɗauki hutu ba, bai nemi a canza masa wurin aiki ba. Ya ci gaba da bin hanyar nan, yana ratsa ƙoramar nan duk zuwa duk dawowa.

A daminar bara Ruwaida ta dawo ɗakin yara da jaririnta namiji, Nasiruddeen, numfashinsa na sama-sama. Sista Ni'imatu ta jawo inji ta kunna, kumfa ta tashi, ta miƙo roba. Ruwaida ta ɗora tafin hannunta a kan hancin yaron.

"An gwada shi?"

"Babanki ya gwada shi da safe. Shina nan baya cikin ɗakin ajiya."

Ruwaida ta kalli kumfar. Sannan ta ce, "A kira Baba shi sake, ina gani."

Ya shigo da hannuwa baƙi ƙirin da mai. Bai dube ta ba, ba ta dube shi ba. Ya jona ma'auni, ya kusanto da shi fuskarsa sosai saboda idanun, sannan ya juya mata shi ta ga lambar da kanta. Ta janye hannunta, aka sa wa yaron roba. Yaron ya tashi, yana nan yana rarrafe. Da za a sallame su ta aika mijinta ya ce masa sun gode. Har yau dai ba ta je gidan ba.

Malam Abdulhakeem, mun gode. Mun gode da yaran da suka isa Tambuwal da rai don ka ƙi barin iyayensu su zauna, waɗanda yawancinsu ba su san kai ne sanadi ba, wasu ma iyayen har yau suna jin haushinka. Kai ne injiniyan da bai taɓa yi wa mara lafiya ƙarya da inji ba, har a kan jininsa. Allah ya jiƙan Anisa, ya sa mai ceto ce.

Ku kuma matasan Tambuwal da Kebbe masu kan lissafi da hannun gyara, kowa cikinku likita yake son zama, to ku sani likita ba ya iya hura wa yaro iska da bakinsa yini guda. Akwai karatun wannan aiki, akwai masana'antun da ke neman masu shi, kuma ga maƙabartun injuna a asibitocinku suna jiran wanda zai shiga. Daga ƙarshen watan nan Sista Ni'imatu za ta iya gane injin da ya mutu, amma ba ta da wanda zai tayar da shi. In kun zo, ku zo da irin zuciyarsa, don ranar zare waya za ta zo wa kowannenku.

Shi kuwa zai koma gonar Sanyinna da tabarmar ƙofar gida a Tambuwal, inda yake zama da yamma yana fuskantar hanyar da motocin Kebbe ke shigowa. Allah ya sa Ruwaida ta sauko daga ɗaya cikinsu tun idanunka na iya gane ta daga nesa.