Ƙibar Komawa Gida

Mahaifinmu ya kai tamanin da hawan jini a jikinsa. Kullum da ƙafa yake zuwa kasuwa, kuma wandon da ya ɗinka yana saurayi bai taɓa yi masa kaɗan ba. Ciwon gadonmu ne, ba musu. Ƙanena ma da shi ya tafi. Amma a da gadon kan tarar da mutum busasshe, ya rasa inda zai kama. Yanzu mu muke yi masa shimfiɗa, mu kawo masa ruwa.

Na zauna a Jidda da Khartum da Akara, na ga masu gudun ƙiba, na ga waɗanda ta kama ba da son ransu ba. Mai neman ta da gangan, da takardar likita a aljihu, sai a Kuala Lumpur na gan shi, kuma ɗan marigayi ƙanen nan nawa ne.

Digiri na uku yake yi, yana zaune da matarsa a unguwar Pantai Dalam. Aikin ido da za a yi mini ya kai ni, na sauka wurinsu wata huɗu. Na same shi garau. Likita ya tsorata shi a bara, ya rage ci, ya koma takawa zuwa tashar jirgin ƙasa, tumbin ya faɗa, jinin ya sauka. Sai ya tura hotonsa da sabuwar kaftani a zauren dangi na waya.

Kafin azahar an gama yi masa jaje. Wata gwaggo ta tambaya ko matar ba ta iya girki ba ne. Wani ya ce a duba shi, irin wannan rama ba a banza ba. Uwarsa ta kira tana kuka, wai da wane ido za ta kalli mutane, ɗanta ya je ƙasar waje ya koma kamar sandar rake. Saura wata uku ya je gida Babbar Sallah.

Tun daga ranar ya ɗauki cin abinci aiki. Da safe shinkafar kwakwa, da rana mu sauka mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke ƙasan bene, ya ci gurasar roti uku da shayin madara mai kauri kofi biyu, sannan ya ce a yi masa tapau, wato a ƙunsa masa na tafiya. Tashar da yake takawa ya koma kiran mota. Maganin hawan jininsa ma ya ajiye, wai shi ke hana shi cika.

Na ce, "Kai, ragon layya ake yi wa haka, shi ma ba da saninsa ba."

Ya yi dariya. "Baffa, abin nan a jini yake. Na karanta. Ko na rame ko na yi ƙiba, abin da ya ɗauki Baba yana nan."

"Ka karanta rabin shafi. Kakanka ma a jini yake, ya kai tamanin."

"Zamaninsu daban, Baffa. Makan, lah, ci mana, shayinka na hucewa."

Matarsa ta sa baki a hankali: "Baffa, ka bar shi. Ni aka ce ban iya girki ba."

Mutum ne da ke kwana cikin littattafai, turawa na gayyatarsa ya yi musu jawabi, amma maganar gwaggon da ba ta taɓa ganin abin awon jini ba ta fi masa ta likita nauyi. Ita kuma matar tana zuba mai a tukunya don wanke sunanta. Kumatu suka fito, aka sake hoto, dangi suka yi ta barka, wai yanzu ya zama mutum.

Saura kwana tara tafiya, muna zaune a mamak da hantsi, kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace. Mai shagon ne ya kira motar asibiti. A can wata likita ta nuna mini hoton jijiyar wuyansa, ta ce kitse ya daɗe yana tsuke ta, jini kuma ya yi ta dukan bangon ba magani. Ta tambayi dalilin barin maganin. Ina jin Turanci da Larabci da ɗan abin da na tsinta na Malay, amma na rasa harshen da zan faɗa mata.

Bai je Sallar ba. Dangin da suka yi barka su ne suka ce jifa ne, aka aiko da rubutu da turare. Ba wanda ya ambaci hoton farko da suka yi wa jaje.

Ya warke, ya gama karatunsa, yana shan magani ba fashi. Hannun daman bai dawo ba. Da hagu yake cin abinci har yau.