Na Murɗa Makulli Kafin Ya Ce In Murɗa

A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ni direban tarakta ne a Katsina. Shekaruna sun ɗan haura talatin, ina da mata da 'ya'ya biyu a ɗakin haya a Ƙofar Kwaya. Ban yi boko ba. Ɗan rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi bayan furfura ta fito mini, don haka a yi haƙuri da shi. Yunwa ce ta koro ni daga ƙauye tun ina saurayi. Na yi dako a kasuwa, na yi yaron mota, na kwana a tasha, an doke ni, na doki wasu. Abin da duniya ta koya mini a lokacin shi ne kada ka amsa laifi ko da an kama ka da shi a hannu. Da wannan karatun na rayu, da shi kuma na cuci mutumin da bai taɓa cutata ba.

Taraktar ta wani Alhaji ce, tsohuwa, jan fentinta ya koɗe, amma tana da ƙarfi in ta sami mai mai kyau. Alhajin ya shiga siyasa a wannan karon, kuma lokacin neman ƙuri'a ya yi wa mutanen wasu ƙauyuka a bayan Batagarawa alkawarin zai yi musu huɗa kyauta da ruwan farko. Ya ci zaɓe, ruwa ya sauka, alkawari ya zo wuya. Matsalar ita ce man dizal, wanda muke ce wa gas, ya yi wuya a gari. Sai ka yi kwana biyu a layin gidan mai. Alhaji ya ja mini kunne, ya ce ko kwana uku zan yi a layi in yi, kada in kuskura in zuba man 'yan bumburutu, domin wani an haɗa shi da kananzir, wani ruwa da tsatsa ne kwance a gindin duron. Na ce to. Na yi yini guda a layi, rana ta dafa ni, layin bai motsa ba. Na zare jiki na je bakin hanya wurin 'yan bumburutu na cika jarkokina, na koma na ce wa Alhaji Allah ya taimake ni na samu a gidan mai.

Kwana biyu taraktar tana aiki lafiya. A rana ta uku ta fara tari. Da garma ta nutse a ƙasa sai ƙarfinta ya faɗi, ta yi kamar za ta mutu, ta farfaɗo. Na san filta ce ta toshe, wato matatar da ke tare datti kafin mai ya isa inji. Ina tsakiyar gona, ba ni da sabuwa, mai gonar yana tsaye a kaina da matansa da iri a ƙwarya. Sai na yi abin da direbobi da yawa suke yi ba sa faɗa. Na kwance filtar, na huda ta da ƙusa wuri huɗu, na mayar, na fitar da iskar da ta shiga bututu, na tayar. Ta tashi kamar yau aka sayo ta. Mai gona ya yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na san duk dattin da filtar take tarewa yanzu cikin inji yake tafiya. Yini ɗaya da rabi ta yi a haka, ta mutu a tsakiyar gonar wani tsoho, ta ƙi tashi.

Dole a kira bakanike. Bakaniken Alhaji dattijo ne ɗan cikin gari, gidansu a Gobarau, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Shi ya tsince ni a tasha, shi ya koya mini tuƙin tarakta, shi ya kai ni wurin Alhaji ya tsaya mini. Yaya nake ce masa. Shi kuwa ba ya kirana sai ɗan ƙauye, yakan ce har yanzu kallon jaki nake yi wa tarakta, saura kawai in kai mata harawa. Ni kuma ina ce masa Katsinawan birni ba su iya komai ba sai gaisuwa. Mutum ne da hannunsa ke ji. Yakan ɗora yatsa a kan bututu inji na aiki ya gaya maka inda ciwon yake. Domin na san haka, kafin in aika masa sai na hau babur na shiga gari na sayo sabuwar filta. Na shafe bayanta da baƙin mai da ƙasa don ta yi kama da tsohuwa, na ɗaura. Na tsiyaye gindin tanki, na zubar da ruwa da laka. Hudaddiyar kuma na jefa ta a kwazazzabo.

Da hantsi ya iso da jakar sifanoninsa. Ya gaisa da tsohon da sauran manoman da suka taru a ƙarƙashin bishiya, gaisuwa irin tasa mai tsawo, sannan ya bi hanyar mai yadda ya saba, daga tanki zuwa inji. Ya buɗe famfon ƙarƙashin tanki, mai na zuba. Ya danna ɗan famfon hannu, yana turawa. Ya kwance filta, ya tarar da ita tas. Ya fitar da iska, ya sa na murɗa makulli, inji ya juya bai kama ba. Sai ya miƙe ya goge hannu, ya tambaye ni inda na sayi mai. Na ce gidan mai. Ya tambaya ko na taɓa filta. Na ce a'a. Ya dube ni, ya rage murya yadda manoma ba za su ji ba, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, shi ba Alhaji ba ne, ba zai kore ni ba, kuma ba a bakinsa za a ji ba. Ya ce in datti ya wuce filta babu abin da za mu iya a gona, sai a kwance kayan a kai wa mai na'urar gwada famfon mai a gari. In kuwa bai wuce ba, zai gwada nozul a nan. Na rantse masa da Allah ban taɓa komai ba. Ya ce shi ke nan, ɗan ƙauye, hau sama.

Nozul shi ne ɗan bakin ƙarfen da ke fesa mai cikin inji, kuma da ƙarfi mai tsanani yake fesawa. Yadda ake gwada shi a gona, a ciro shi, a ɗaura a bututunsa yana kallon waje, a juya inji a ga yadda feshin yake. Ya ce kada in murɗa makulli sai ya ce murɗa, in ya ce sake in sake. Na farko feshinsa ba kyau. Na biyu ma haka. Na uku ɗigo kawai yake yi. Ya ce in dakata ya goge bakin. Ya sunkuya da tsumma, babban yatsansa na dama a kan bakin nozul ɗin. A lokacin hadari ya fara haɗuwa ta gabas, wani manomi kuma ya ɗaga murya ya ce ashe alkawarin ɗan siyasa da taraktarsa tare suke mutuwa, aka yi dariya. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata bari in juya sau ɗaya, wataƙila ya buɗe. Ba wai na ji kamar ya ba ni umarni ba ne. Na san bai ce komai ba. Ban ma leƙa na ga inda hannunsa yake ba. Na murɗa. Sai na ji ya yi salati ya ja da baya.

Na diro na kama hannun. Wurin bai fi sukar ƙaya ba, a gindin babban yatsa, ko jini bai fito sosai ba. Ya ce yana jin zafi a can ciki, kuma tun yana koyon aiki maigidansa ya gaya masa in irin wannan man ya shiga nama, asibiti ake tafiya nan take. Na yi masa dariya. Na ce Yaya, shi da ƙarfe ya sha datsewa, yau ƙaya ce za ta kai shi gadon asibiti, ai sai 'yan ƙauye su raina birni. Na ɗauko man birki na zuba masa, yadda muke yi wa kowane yanka a gareji, na ɗaure da tsumma. Na ce ga hadari nan, in ya tafi yanzu tsohon nan ya rasa shukar bana, Alhaji kuma ya ji kunya. Wannan na faɗa da baki. Abin da ke cikina daban ne. In ya tafi tarakta ba ta tashi ba, za a kai kayan gari, mai na'ura ya buɗe ya ga datti, asirina ya tonu. Ya dubi tsohon, ya zauna. Bai tambaye ni dalilin da na murɗa ba. Cewa ya yi laifinsa ne, shekara talatin yana aiki bai kamata ya ɗora yatsa a wurin ba alhali mutum na kan makulli. Da hannun hagu ya wanke nozul ɗin a kananzir. Kafin la'asar taraktar ta tashi tana ɗingishi, na gama gonar.

Washegari aka ce mini hannun ya kumbura. Ban je ba, ina gona. A rana ta uku matarsa ta aiko. Na tarar an kira wanzami ya tsaga ya sa ƙaho, yatsan ya yi baƙi, ɗakin yana wari, shi kuma zazzaɓi na kaɗa shi. Duk da haka da ya gan ni tambayar tarakta ya fara yi. Sai a rana ta huɗu muka kai shi asibiti. Likita ya yi faɗa ƙwarai. Ya ce man ya bi cikin nama ya kashe shi, kuma da a ranar aka zo da an tsaga an wanke, da wataƙila an tsira da hannun. Ya tambaya wane ne ya hana shi zuwa. Ina tsaye a gefen gado riƙe da takalmansa. Yaya ya ce babu kowa, taurin kansa ne. Ban ƙaryata shi ba. Suka yanke babban yatsa da manuni da wani yanki na tafin hannun.

Bakanike ba babban yatsa ba ya riƙe sifana. Ya gwada da hagu, ta ƙi. Masu kawo masa aiki suka yi ta zuwa gaisuwa, daga baya suka koma wurin wasu. Garejin ya watse cikin shekara guda. Ya koma zama a benci a ƙofar gida yana sayar da man juye a kwalabe, mutumin da ake zuwa ɗauka da mota daga wasu garuruwa. Taraktar kuwa ƙarshen damina sai da aka kai kayanta gari. Mai na'ura ya ga dattin, Alhaji ya yi ta zagin gidan mai, ba wanda ya tambaye ni komai. Ashe abin da na ɓata hannun mutum don in ɓoye, ko ba a ɓoye shi ba babu mai bin sawunsa. Na ci gaba da tuƙi shekara shida.

Sau uku ina zuwa da niyyar in gaya masa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu matarsa ta kawo tuwo, na ci na tashi. Na uku na same shi da wasu masu gyaran mota yana nuna musu hannun, yana ce musu su dubi abin da ganganci ya jawo masa, kada su yarda su yi irin wautarsa. Da ya hango ni ya ce ga shaida nan, ɗan ƙauyen nan yana wurin, kuma shi ya goya shi zuwa asibiti lokacin da wasu suka gudu. Na gyaɗa kai. Daga ranar ban sake gwadawa ba. Ya rasu bayan shekara goma sha ɗaya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Na tambayi wani malami, ban faɗi suna ba. Ya ce haƙƙin Allah tuba na goge shi, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe, kuma mai shi yana ƙasa. Ya ce in yi ta yi masa addu'a da sadaka. Ina yi. Ban san ko ta isa ba.

Ga 'yan uwana direbobi da masu gyara, ba ni da dogon wa'azi. Kada ku huda filta, gara gona ta jira. In kun yi ɓarna ku gaya wa mai gyara, domin da maganarku yake aiki, in kun yi masa ƙarya hannunsa kuka tura inda bai kamata ba. In mutum na jikin inji, ku cire hannu daga makulli har sai ya yi magana, ku kuma leƙa. In man nozul ya soki mutum, komai ƙanƙantar wurin, a ajiye man birki, a ajiye wanzami, a tafi asibiti a wannan sa'ar. Wanda kuma yake riƙe da haƙƙin wani, ya je yau, kada ya jira ranar da babu baƙi. Kunyar faɗa ta yini ɗaya ce. Ni na guje ta. Har yau in na bi ta Gobarau 'ya'yansa durƙusawa suke yi su gaishe ni, su ce wa abokansu ga aminin babansu. Ina amsawa.