Jifan Gammo a Sabon Ibadan

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da ƙanena. Ramukan hanyar Mokwa sun jijjiga mu, kifin Jebba kuma ya yi tsada, ko da yake wataƙila ni ne ban iya ciniki ba.

Wasa ne ya kai mu unguwar Sabo ta Ibadan, jifan gammo. An ce kakanmu na cikin 'yan dakon goron da suka ƙirƙiro shi, zamanin da Turawa suka ware wa Hausawa unguwar. Ban dai ga haka a rubuce ba. Wai suna hangen Turawa na wasa a kan ciyawa, ba damar shiga, sai suka kafa turke a nasu filin suna jifansa da gammo. Har yau jifan farko na gidanmu ne, kuma tun rasuwar kawu babu mai yi. Ni ne babba, don haka na daɗe ina gwaji a tsakar gida.

Washegari, bayan mun cika ciki da amala, keke napep ya sauke mu a filin. Wani dattijo, abokin kawu, ya zayyana mana dokoki. Ba a jifa da takalmi a ƙafa. Gammo ya zarge turke, ci ne. Ya jingina, rabi. Sannan mai jifa yana ɗauke da kwandon goro a ka, hannunsa ya taɓa kwandon ya fita daga wasa. Babu wanda ya taɓa gaya mini zancen kwando.

Aka ɗora mini. Ina ɗaga gammo kwandon ya karkace, na cafke shi da hannu biyu.

"Ɗana, goyo aka ba ka?" in ji dattijon. "Oya, sauke."

"Yaya, in gwada?" ƙanena ya tambaya a hankali.

Na ce bismilla. Gammonsa ya faɗi nesa da turke, inda nawa ba zai taɓa faɗa ba, ina jin. Amma kwando ko motsi bai yi ba. Fili ya ɗauki sowa, tsofaffi na rantsuwa wuyan kakanmu ne sak. Nan take suka damƙa masa jifan gida.

Na tafa. Ina zaton na tafa yadda ya kamata.

A motar dawowa mutanen Sabo sai kiransa suke a waya, ni kuwa ina kallon daji. Abin da tafiyar ta koya mini, in ban yi kuskure ba, shi ne girma bai sa a ba ka komai a filin nan, kuma kana iya ƙaunar ɗan'uwanka kana jin zafin sa'arsa. Muna isa gida Inna ta tambayi wanda ya yi jifan. Na nuna mata shi da haɓa, na shige ɗaki.