Rumfar Jar Mota

Ni da kuke gani zaune bakin zaure ina kaɗi, ba fara'a, yara na kewaye ni in sun zo wucewa, da can ba haka nake ba. Ku saurara, samari da 'yan mata, in gaya muku abin da na aikata da hannuna. Ba zan faɗi sunana ba. Tsofaffin Kurfi sun san ni, waɗanda ba su san ni ba kuwa ba su yi asarar komai ba.

Dillaliya ce ni. Mijina ya rasu ina da sauran ƙarfi, ban sake aure ba, na kama shiga gidaje ina karɓar kayan matan kulle, tasa da zane da munduwa, in kai kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kuki in sayar, in kawo wa kowa nata. Ban yi karatu ba sai abin da zan yi salla da shi, amma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Ina da akwatin ƙarfe mai makulli, irin wanda gara ba ta iya masa, don haka duk matar da ke da abin da take tsoron ya salwanta, ni take kawo wa ajiya.

Cikin masu ajiyar akwai maƙwabciyata, Hajiya Tabawa. Tsohuwa ce da ta je Makka a ƙafa tare da mijinta, suka yi shekaru a hanya, shi ya rasu can, ita ta dawo. Kafin ta tafi ta kaɗa zare da hannunta, aka saƙa mata farin ƙyalle mai kauri, ta ɗauke shi a ka har Makka, ta wanke shi da ruwan zamzam, ta dawo da shi. Likkafaninta ke nan. A gefe ɗaya akwai wurin da tartsatsin wuta ya ƙona a wani zango, ta ɗinke shi da shuɗin zare, faɗin tafin hannu. Kowace shekara sai ta shanya shi a tsakar gida ta nuna wa jikoki wannan tabon, ta ba su labarin zangon. Da gara ta shiga ɗakinta sai ta naɗe shi ta kawo mini.

Ta ce, "Ƙanwata, ba ni da shanu, ba ni da gona, wannan kaɗai na tara. Ranar da aka ce miki na tafi, ke za a nema."

Na ce, "Hajiya, ki sa a ranki yana cikin ɗakinki."

Lokacin Turawa ba su daɗe da kama ƙasar ba, sai a yi wata ba a ji kukan mota ba. Akwai wani Bature mai sayen gyaɗa da auduga a Dutsin-Ma, yana da wata 'yar mota ja, doguwar hanci, kujera biyu tak, ƙafafunta da tsinkayen ƙarfe kamar na keke. Ba ta da rufi sai rumfar tamfol, in ka so ka ja ta ta rufe ka, in ka so ka naɗe ta baya ka sha iska. Duk ranar kasuwa in ta wuce sai in tsaya da kaya a kai ina bin ta da ido har ta ɓace. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya sa ta kasuwa. Fatake suka zo suka duba, suka ce abin da ba zai ɗauki buhu ɗaya ba mi za a yi da shi.

Ƙanena Mamman ya koyi tuƙi a Kano. Shi ya ce mini, "Yaya, ta tsufa fa, kuma irin wannan don gudu aka yi ta, ba don hanyarmu ba."

Na ce, "Kai dai ka iya tuƙa ta ko ba ka iya ba?"

Na sayar da shanun da na gada wajen uwata, na saye ta. Da halalina na saya, wannan kam Allah ya sani.

Ranar da muka shiga Kurfi da ita, awaki suka tsinke igiya, wata mai fura ta zubar da ƙwaryarta ta ruga. Ni kuwa ina zaune gefen Mamman, na ɗaure fuska kamar a cikinta aka haife ni. Mamman ya koya mini riƙe sitiyari a wani fili bayan gari bayan an cire amfanin gona. Na taka mai, ta zabura, iska ta fizge mayafina, na ji abin da ban taɓa ji ba tun ina yarinya. Daga ranar hankalina ya bar jikina.

Ashe sayen mota shi ne mai sauƙi. Fetur sai an aika Katsina an ɗauko a garwa bisa jaki, har mutane na cewa ga dabbar da jakai ke yi wa kiwo. Ƙaya ta huda taya kullum, Mamman na zaune gefen hanya yana faci. Cikinta kusa da ƙasa yake, ko ina ta gogi dutse. In muka zo rafi ta nutse cikin yashi, sai an tara maza an tura, kowa kuma sai an ba shi goro. Da safe Mamman ya murɗa ƙarfen tayarwa har gumi ya jiƙa shi, ta yi tari ta mutu. Ya cire fulogi ya goge, ya zuba ruwa a lagireto, ya lallashe ta kamar jaririya. Wani ƙarfe ya karye a ƙasanta, maƙerin garin Shema ya ƙera wani, bai yi mako ba ya sake karyewa.

Ribar dillanci ba ta riƙe wannan ba. Ranar da aka fara cewa ga fetur ya iso ba abin biya, akwai tasar wata mata da na riga na sayar. Na ce a raina in ara, kasuwa mai zuwa in mayar. Da ta tambaye ni na ce ba a taya ba tukuna. Na yi mamakin yadda maganar ta fito ba ko gargada. Daga tasa sai munduwar azurfa, daga kayan dillanci sai kayan ajiya. Na san matan nan ba sa fita, ba za su ga kayansu a kasuwa ba, da haka na riƙa kwantar da raina.

Da damina ta kama, rumfar tamfol ɗin, wadda dama ta ruɓe, iska ta yage ta a hanyar Kutawa. Ruwa ya yi mana duka, muka shiga Dutsin-Ma kamar an tsamo mu daga rijiya. Wata mai sayar da daddawa ta ɗaga murya, ta ce, "Sannu da zuwa, matar Bature! Halan ba a sayar miki da rufin ba? Ko in ara miki faifai?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Mamman kuma ya ce in aka bar kujerun fata suna shan ruwa, kafin kaka sun ruɓe. Ya ce sai an samu ƙyalle mai kauri, a riɓa shi, a shafe da kakin zuma.

Na buɗe akwati ina neman abin sayarwa, hannuna ya sauka kan naɗin Hajiya. Mai kauri, mai faɗi, ba irinsa a kasuwa. Na rufe akwatin, na tashi na yi shara, na dawo na sake buɗewa. Na ce Hajiya da sauran kwana, ko jiya na ji ta tana faɗa da jikoki. Na ce ƙyalle ai ƙyalle ne. Na sayi farin yadin akoko na kanti na naɗe na sa a madadinsa, nata kuwa na kai wa wani baduku a Dutsin-Ma, ya yanka, ya ɗinka, ya ɗaura a ƙarafunan rumfa. Ina tsaye ya sa wuƙa.

Mamman bai san inda na samo shi ba. Abu ɗaya na gaya masa, kada ya kuskura ya ɗaga rumfar cikin Kurfi, kafin mu shiga gari a naɗe ta. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, so kike dai a gan ki." Na bar shi a haka.

Wata ranar kasuwa muna dawowa da azahar, hadari na haɗuwa gabas, rumfa a naɗe, muka tarar da maza zaune ƙofar gidan Hajiya Tabawa. Ɗanta Malam Sule, mai makarantar allo, ya taso ya tare mu.

Ya ce, "Inna, Hajiya ta cika ɗazu. An gama kabari, an yi mata wanka, ke kaɗai muke jira. Alhamdu lillahi da wannan mota, da a ƙafa kike da ba mu san yadda za mu yi ba."

Na sauka. Mamman ya bar motar nan ƙofar gida ya zauna cikin maza. Na ɗauko akokon na miƙa wa matan da ke kan gawa. Wadda ta yi wankan ta warware, ta shafa, ta dube ni.

Ta ce, "Wannan na kanti ne. Ina na Hajiya?"

Na ce, "Shi ta ba ni."

Ta ce, "Ke! Matar da ta kaɗa da hannunta? Ina tabon wuta?"

Ta ɗauke shi ta fito zaure tana kiran Malam Sule, na biyo ta ina rantsuwa. Wallahi na rantse, gawa na kwance bayana. Daidai nan yayyafi ya fara sauka. Na hangi Mamman ya tashi da gudu wajen motar don kada kujeru su jiƙe. Ban kai ga hana shi ba. Ya kama rumfar ya jawo ta, ta buɗe gaban dukan mutanen da suka zo jana'iza, fara, ta yi dabbare-dabbare da baƙin mai da kashin tsuntsu. A gefen da ke fuskantar zaure ga shuɗin ɗinki, faɗin tafin hannu.

Malam Sule ya taka a hankali cikin ruwan. Ya ɗora hannunsa kan tabon, ya daɗe. Sai ya juyo, ba tsawa, ba zagi, ya ce, "Inna, inuwar mota kika yi da shi?"

Wani ya ce inna lillahi, sai salati ya ɗauka har cikin gida. Mamman ya dube ni, ya dubi rumfar, ya saki ƙarfen kamar ya taɓa garwashi. Ya ce, "Yaya, duk daminar nan ƙarƙashin mi kika sa ni zama?"

Aka sa wuƙa aka yanke shi daga ƙarafunan. Mata suka tafasa ruwa, suka sa toka da sabulu, suka cuɗa, kakin ya ƙi fita, man ya ƙi fita. Ko da ya fita, baduku ya riga ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ba zai rufe mutum ba. Liman ya ce ba a jinkirta gawa, a sa akokon. Malam Sule ya ce uwarsa ba za ta kwanta cikin abin da aka saya don a yaudare ta ba. Ya warware farin rawanin da ke kansa, maƙwabta suka kawo abin da ya sawwaƙa, aka haɗa. Cikin wanda ta kai Makka a ka, wani ɗan yanki kawai aka samu mai tsabta, daga cikin riɓi inda kaki bai kai ba. Shi aka ɗaura mata a kai.

Kafin magariba kowace mata ta aiko a karɓo mata ajiyarta. Aka buɗe akwatin gaban mai unguwa, ba komai sai tsummoki. Dogarai suka tafi da ni gaban alƙali. Ya tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce babu. Aka sayar da gidana aka rage wa mata asara, motar kuwa ba wanda ya taya, ko kyauta ba mai son taɓa ta. Aka kai ni gidan yari a Katsina, a ƙafa, ta hanyar da nake wucewa iska na kaɗa mayafina.

Can na yi shekaru ina niƙa da daka wa fursunoni har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi. Aikin bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, duk lokacin da na ga an shanya farin ƙyalle sai in tuna da na Hajiya.

Da aka sake ni na dawo Kurfi, don ba ni da wani wurin. Mamman ya koma Kano, bai sake aiko mini ko gaisuwa ba har ya rasu. Motar na nan bayan gari, tayoyi sun zube, kaji na ƙwai a kan kujerun da muka ji wa tsoron ruwa. Na bi gidajen matan ɗaya bayan ɗaya na durƙusa. Wasu suka yafe, wasu suka juya mini baya, ban ga laifinsu ba. Daga ƙarshe na je makarantar Malam Sule, na durƙusa bakin zaure, na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Inna, tashi. Abin da kika yi mini na yafe tun ranar. Nata kuwa ba ni da ikon yafewa. Sai kun haɗu."

Yara, ku ji ni da kyau. Motar ba ta yi mini laifi ba, ƙarfe ce. Ni na sayi abin da ba zan iya ciyarwa ba, na ji kunyar in ajiye shi a ce na kasa. In kun ga abu ya burge ku, kafin ku tambayi kuɗinsa ku tambayi abin da yake ci. In aka ba ku ajiya, kada ku buɗe ko don dubawa. Ranar da kuka ji kanku kuna cewa ara zan yi in mayar, ku tashi ku kai wa mai abu abinsa kafin rana ta faɗi. Ni daga tasa guda na fara.

Zaren nan da kuke gani ina kaɗawa, nawa likkafanin ne. Idona ya raunana, amma zaren ya kusa isa. Ba shi ke hana ni barci ba. Tsohuwar nan ta ce mini ranar da ta tafi ni za a nema. Yanzu saura kaɗan in tafi inda take, kuma har yau ban samo abin da zan ce mata ba.