Soson da Kawu Ya Wanke

Kawuna mai wanki da guga ne, kuma duk layinmu an san shi da ƙin datti. Mutum ne da zai gaishe ka idonsa na kan wuyan rigarka. Ni da na tashi a hannunsa, na sha faɗa a kan farce fiye da a kan karatu. Da ciwon baya ya raba shi da shago, sai ya dawo gida ya addabi kowa. Matarsa ta wanke kwano, ya bi bayanta ya sake wankewa.

'Yarsa ce ta nemo masa abin yi. Uban mijinta, wani dattijo mai gyaran agogo, ya daɗe yana kiwon ƙananan kifaye a akwatin gilashi mai tsirrai a ciki. Da kansa ya zo ya haɗa wa Kawu nasa a falo. Ya zuba ƙasa, ya rufe da tsakuwa, ya dasa tsirran ɗaya bayan ɗaya da hantsakin aikinsa. Daga ƙarshe ya zaro wani soso daga leda, ya yi dauɗa yana ɗigar ruwa kamar na kwata, ya cusa shi a matatar ruwan.

"Daga akwatina na ciro shi," in ji dattijon. "Shi ne ran abin. A bar shi haka."

Kawu ya ce to, amma na ga yadda ya yatsine fuska. Baƙo na fita ya dube ni ya ce, "Bawan Allah, idonsa ya fara gajiya, bai ga dattin ba. Mu rufa masa asiri." Ya kai soson bayan gida, ya dirje shi da sabulu, ya jiƙa a bilic, ya mayar da shi fari tas. Hali zanen dutse.

Da tsirrai suka kama, surukin ya aiko da kifaye, jikokin waɗanda marigayiya matarsa ta fara kiwo. Ba a daɗe ba suka taso saman ruwa suna haki. Kawu bai san magani ba sai wanki. Ya sake wanke soso, ya zubar da ruwan duka ya zuba sabo, har ganye ya bi da buroshin haƙori. Ganyen ya yi rawaya ya narke, kifayen suka bi juna suka mutu. Garin neman gira aka rasa ido.

Ban taɓa ganin kunya ta ci mutum haka ba. Ya daina bin layin shagon agogo. Ya goge zanen gado ya lulluɓe akwatin, ya ce kowa ya tambaya a ce kifaye ba sa son haske. Ni kaina haushinsa nake ji, ina kuma jin tausayinsa.

Wata rana da hantsi dattijon ya yi sallama ba zato. Bayan gaisuwa ya ɗaga zanen, ya daɗe yana kallon ruwan da ba kowa a ciki. Ya buɗe matata, ya sansana soson.

"Wanki ya fita, Malam," ya ce a hankali. "Sai dai a cikin dattin nan akwai wasu halittu da ido ba ya gani. Su ke cinye ƙazantar kifi kafin ta zama guba. Sabulu kashe su yake."

"Na ɗauka ba ka gani ba ne," in ji Kawu, kansa a ƙasa.

"Na gani."

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba, ya sha ruwa ya tafi.

Washegari Kawu ya sa fararen kayansa, ya ce in raka shi. A ƙofar shagon agogo ya tsaya da kwano a hannu.

"Malam, datti na zo roƙo."

Yanzu tsirrai sun sake tohowa, gansakuka ta ɗan kama gilashin. Kawu kan zauna a gabansa ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya don kada ya goge ta. Surukin bai sake aiko da kifi ba, shi kuma har yau ya kasa buɗe baki ya tambaya.