Ƙwayoyin Haliru Mai Albasa

Duk Lambara an san Haliru da albasa. Tun yana saurayi shi ke riga kowa isa fadama, ya dawo yana tsokanar masu barcin safe. Sai wata shekara wutarsa ta mutu. Ba zazzaɓi, ba rauni, sai kwanciya da kallon bango. Abinci ma sai matarsa Mansura ta haɗa da magiya. Dangi kuwa, da yake baki ba ya gajiya, suka sa masa suna raggo.

Mansura ce ta ja shi asibiti a Shagari. Wata ma'aikaciyar lafiya, Basira, 'yar Boɗinga, ta ce ciwon damuwa ne. Ta ba shi ƙwayoyi masu taimaka wa wani sinadarin ƙwaƙwalwa, sirotonin, wanda ke da hannu a walwala da barci da son abinci. Ta ja kunne: maganin sai a hankali yake kamawa, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Ya kama kuwa. Haliru ya tashi, ya yafa irin albasa, irin ya fito kore shar, sai jiran dashe. Abincin shekarar gidan kaf yana cikin irin nan.

Nan wansa Badaru ya shigo da hikimarsa. A ganinsa, ƙwayar da ta tayar da raggo ai maganin ƙarfi ce. Ranar gayyar gonarsa ya karɓe ta, ya rabar wa majiya ƙarfi kamar goro. Haliru bai iya musa wa babban wa ba, kunya kuma ta hana shi faɗa wa Mansura. Sai da ya koma kallon bango, irin ya bushe a fadama, sannan ta gane. Baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Kuma wai har Badaru ke da bakin ƙorafi! Ya tsaya a zauren gidan Haliru yana ɗaga murya: "Wanga magani na banza na! Yara dut tashin zuciya sunka yi. Shi ko ya koma lalacinai."

Mansura ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wan mijinta ba, ranar ma ba ta fito ba. Ta aika masa da akushi a rufe, yadda ta saba. Ya wanke hannu, ya buɗe, sai busasshen irin albasa.

Daga bayan zana ta ce, "Yaya, a ci. Shi mu ma za mu ci bana."